Awon Nisa a Ƙauyukan Giade

Idan aka tambayi mutumin birni abin da ake nufi da ƙauye mai nisa, nan da nan sai ya shiga lissafin mil da kilomita. Mu kuwa da aka yanke wa cibiya a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Giade ta Jihar Bauchi, ma'auninmu daban ne. A wurinmu, nisa shi ne tsawon lokacin da ke tsakanin buƙatar talaka da biyanta. Da wannan ma'auni muke so mai karatu ya auna mu.

A kan taswira ba mu cikin lungu. Azare, wadda ta zama mazaunin Sarkin Katagum a zamanin Turawa, tana kusa da mu, kuma babban titin Kano zuwa Maiduguri ta nan ya bi. Ba mu da ƙarancin jama'a, domin ƙidayar shekarar 2006 ta nuna mutum 156,969 a ƙaramar hukumar. Amma duk da haka, akwai ƙauyukan da idan marka ta kankama a watan Agusta, wanda ya tashi daga Kano da hantsi zai riga ɗan ƙauyen isa Azare. Mota takan tsaya inda kwalta ta ƙare, babur ya karɓa, inda babur ya kasa kuma sai amalanken shanu ko ƙafa.

Shekararmu tana tafiya ne da ruwan sama. Da bazara mukan yi sharar gona, mu kai takin gida a kan jakuna da amalanke. Ruwan shuka na sauka, sai gari ya watse, ba a barin kowa sai tsofaffi da jarirai. Mukan shuka gero da dawa, mu ratsa wake a tsakani, mai hali ya ƙara gyaɗa ko riɗi. Damina ɗaya ce tak, ba ta wuce wata huɗu, kuma abin da aka samu a cikinta shi zai riƙe gida har wata ta zagayo. Dattawanmu ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, saboda haka har gobe sukan yi wa rumbu kallon amana.

To, a nan ne nisan farko yake, wato tsakanin kaka da damina. Da kaka hatsi ya yi yawa, farashi ya faɗi, kuma a daidai lokacin ne buƙatu suke taso wa magidanci: bashin taki, auren 'ya, suturar iyali, kuɗin makaranta. Sai manyan motoci su shigo kasuwanninmu, 'yan sari su auna da tiya, su ɗure buhuna, su tafi. Abin mamaki, hanyar da ake cewa ba ta biyuwa, ba ta taɓa hana motar hatsi zuwa ba, don kuwa kaka lokacin bushewar ƙasa ne. Idan aka kai tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, wannan manomi shi zai koma kasuwa ya sayi irin hatsin da ya sayar, da tsadar da ta fi ƙarfinsa. Wani ya bar gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago a ta wani don ya samo awon dare. Mata kuwa su haɗa da tafasa da rama da zogale, a yi kwaɗo a rufa asiri.

Nisa na biyu ya fi wannan ciwo. Watannin da hanya take lalacewa su ne watannin sauro. Yaro zai kwana da zazzaɓi, a jiƙa masa tazargade, a sayo ƙwaya a kanti, sai jini ya yi ƙasa sannan a fara neman abin hawa. Haka mace mai naƙuda: idan haihuwa ta zo da gardama, ungozoma ta yi iyakar ƙoƙarinta, sai a shiga buga ƙofar mai babur cikin dare. Akwai asibitin gwamnatin tarayya a Azare, da likitoci da kayan aiki, amma amfaninsa ga mutumin ƙauye yana rataye ne a kan ya isa da sauran numfashi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin wannan tafiya ya ƙaru ƙwarai, har wasu gidaje sukan tsaya shawara a kan abin da bai kamata a yi shawara a kansa ba.

Ba za mu ce ba a ga sauyi ba, don butulci ba halinmu ba ne. Shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976 shi ya buɗe wa iyayenmu da yawa ƙofar aji. Kurkunu, wadda ta daɗe tana kwantar da manoman Nijeriya a tsakiyar aiki, an tabbatar da kawar da ita daga ƙasar a 2013. Rijiyar burtsatse ta rage wa mata jan guga a wurare da dama. Wayar salula, wadda ta shigo ƙasar nan a 2001, ta sa ɗan cin rani a Legas ko Abuja yana jin muryar mahaifiyarsa, yana kuma aiko da kuɗi a yini guda. Har jami'ar jiha an kafa a Gadau, nan cikin yankinmu. Sai dai waya tana kai labarin ciwo ne kawai, ba ta ɗaukar majinyaci.

Abin da ya riƙe mu tsawon zamani shi ne junanmu. Idan magidanci ya kwanta ciwo, samari sukan yi gayya su nome masa gona. Mata suna da adashi. Ana fitar da zakkar hatsi tun a bakin gona, kuma baƙo ba ya kwana da yunwa a zauren mai unguwa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu kuwa mun ga gaskiyar wannan da idonmu. Abin tsoron shi ne, masu ƙarfin da za su ɗaga jinkar suna ta raguwa. Dā cin rani na rani ne, ruwa na sauka kowa ya dawo. Yanzu saurayi yakan tafi ya shekara biyu, gonar gado tana hannun tsoho.

Mu da Allah Ya nufa muka zo jami'a muna cikin masu tafiyar. Da geron waɗancan rumbuna aka biya mana kuɗin rajista, wani ma sai da aka sayar da tunkiyar mahaifiyarsa. Saboda haka tambayar tana kanmu kafin ta je kan hukuma. Rumbun haɗin gwiwa da zai hana manomi karyar da hatsinsa da kaka ba ya buƙatar injiniya, mai riƙon amana da iya lissafi yake buƙata. Asusun gari na ɗaukar mai naƙuda, takardar koke a kan kwalbatin da ruwa ya cinye, koyar da ƙannenmu a lokacin hutu, duk ba su fi ƙarfin mai digiri ba. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Idan muka ƙyale, nisa na uku zai tabbata, wato tsakanin ƙauye da 'ya'yan da ya ilimantar, kuma wannan babu kwaltar da za ta gyara shi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu zama masu tuna mafari.