Gyaren da Ya Yi Kuka a Kunnen Yaya

Da sassafe ne, cikin hunturun watan Disamba na 2014. Na tayar da babur a ƙofar gida ina jiran ya ɗumama, sai Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ma kana jin gyaren nan?" Ko kashe babur ban yi ba. Na ɗaga murya na ce, "Haba Yaya, ina gyare a wannan sanyi?" Ya ce, "Kwana uku ke nan yana mini kuka a kunnen hagu, dare da rana." Na ce ya hau mu tafi kada layin allura ya yi tsawo. Ya hau, bai ƙara cewa uffan ba. Wannan safiya har gobe tana ci mini rai.

Yayana malamin allo ne, shi ya gaji tsangayar mahaifinmu, kuma da kunne aka san shi. Yara arba'in za su kaure da karatu a zaure, kowa da inda ya tsaya, shi yana kan buzu yana feƙe alƙalami. Can sai ya ɗaga kai ya kira wani kolo da ke ƙarshen bango: "Koma baya, sadi ce ba sin ba." Ba a taɓa wuce shi da harafi ba.

Tari ya kama shi a 2012. Aka ce tarin fuka ne, ya sha magani wata shida, ya lafa, ya dawo. Aka sake ɗora shi a kan na wata takwas, har da allurar sitireftomaisin ta wata biyu. Ya sake dawowa, wannan karon da jini a kaki. Sai aka aika kakin birni, aka sa a na'urar GeneXpert, wadda cikin kamar awa biyu take nuna ko ƙwayar cutar ta daina jin rifamfisin, babban maganin tarin. Ta daina ji. Ranar muka fara sanin akwai tarin fuka mai bijire wa magani.

Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce, "Malam, magani kyauta ne, amma tafiyar da nisa. Wata ashirin, takwas na farko da allura." Ya lissafa abubuwan da za su iya biyo baya: amai, ciwon gaɓɓai, ƙoda, kunne. Har gwajin ji aka yi masa ranar da aka kwantar da shi. Aka rufe masa kunnuwa da wani abu kamar na masu aikin rediyo, aka ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Ko ɗaya ba ta kuɓuce masa ba. Mu kuwa kalmar "warkewa" kaɗai muka riƙe muka fito da ita.

Wata huɗu ya yi a kwance, muna gaisawa ta taga, kowa da takunkumi a fuska. Da aka sallame shi, sai aka mayar da allurar ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, ni nake kai shi kowace safiya. Kanamaisin sunanta. An yi ta yi masa ita har wurin ya yi tauri kamar dutse, a karkace yake zama a bayan babur. Matarsa kullum da tsumma da ruwan ɗumi tana gasa masa.

Da muka isa a waccan safiya, Yaya ya gaya wa mai allurar maganar gyare. Mutumin kirki ne, ko Lahadi ba ya fashi. Ya ce, "Allah gafarta Malam, a ƙara haƙuri, saura wata uku da 'yan kwanaki." Ba shi da na'urar gwajin ji, tana can birni, ga kuɗin mota, ga jiran rana. A gida Inna ta ce sanyi ne ya shige shi, ta ɗiga masa man zaitun ta toshe da auduga. Ni na ce gajiya ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ya kuma nuna mana wurin da yatsa, muka ce ya yi haƙuri.

Abin bai zo gaba ɗaya ba, a hankali ya riƙa zarewa. Ƙarar waya ce ta fara ɓace masa. Sai muryar ƙaramar 'yarsa, alhali tawa mai kauri yana jin ta. Ya ce da ni, "Ina jin ana magana, amma kalmomin kamar an tauna su." Wani dare bayan isha'i, ana karatu a gefen wuta, wani gardi ya yi tuntuɓe a aya. Yaya yana gyaɗa kai. Wani yaro ɗan shekara goma ne ya gyara masa. Zauren ya yi tsit. Yaya ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya gane abin da ya faru. Ya naɗe buzunsa ya shige gida. Mako biyu bai leƙo zaure ba.

Sai a wata na bakwai da fara maganin muka je birni. Aka sake rufe masa kunnuwa, ina kallonsa ta gilashi, hannunsa yana kan gwiwa ya ƙi tashi. Wata likita ta zana mana katantanwa a takarda. Ta ce a can cikin kunne akwai wani abu mai wannan siffa, cike da dubban ƙananan gashi masu kama sauti. Allurar tana kashe su, tana farawa da na bakin katantanwar, masu kama siririyar ƙara, shi ya sa muryar yara da haruffa irin su sin da shin suka riga tafiya. Wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Maganin kuma yakan daɗe a cikin kunne, ɓarnar takan ci gaba ko bayan an daina. Ta ce kukan gyaren nan shi ne gargaɗin farko, da an zo a lokacin da an rage allurar tun da wuri. Ta mayar da ita sau uku a mako. Tsayar da ita ɗungurungum kuwa, ta ce ba ta da wani maganin da za ta sa a gurbinta, kuma tarin yana kisa. Yaya ya yi shiru, sannan ya ce, "A ci gaba. Ina da yara."

A watan Afrilu na 2016 aka ce ya warke. Kunnen hagu ya tafi, na dama saura ɗan kaɗan. Ba ya jin kiran sallah daga masallacin da ke jikin katangarmu, 'yarsa ce ke taɓa masa ƙafa da asuba. Lokacin tari mutane sun ware masa kofi. Da ya warke sai suka ware shi daga hira. Mutum zai zo, ga Yaya a zaune, ya dube ni ya ce, "Ya jikin nasa?"

Daga baya na yi ta bibiyar labarin maganin nan. Ashe tun Disambar 2012, Yaya yana kan zagayen farko, Amurka ta amince da bedakwilin, sabon maganin tarin fuka na farko cikin shekara arba'in, ƙwaya ce ta haɗiya kuma ba ta taɓa kunne. Ba ta iso gare mu ba. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da gajeren tsari na wata tara zuwa goma sha biyu, wanda maƙwabtanmu na Nijar suna cikin waɗanda suka fara aiki da shi, amma shi ma da allura. A 2018 Afirka ta Kudu ta maye gurbin allurar da bedakwilin, a shekarar kuma hukumar ta ce a daina kanamaisin. A 2022 ta amince da tsarin wata shida, ƙwayoyi zalla.

Na kuma ci karo da labarin mata biyu, Phumeza Tisile ta Afirka ta Kudu da Nandita Venkatesan ta Indiya, waɗanda kanamaisin ta kurumtar. A 2019 suka ƙalubalanci yunƙurin tsawaita haƙƙin mallakar bedakwilin a Indiya, a Maris na 2023 aka ƙi amincewa da tsawaitawar, hanya ta buɗe wa masu yin ta da araha. Na rubuta wa Yaya labarinsu a takarda. Ya karanta sau biyu, ya ce, "Ashe muna da yawa. Allah ya saka musu da alheri."

Ba na ba da wannan labari don wani ya guji magani. Maganin ne ya bar mana Yaya da rai. Sai dai dangin allurar nan ba su ƙare ba. Ana yi wa wasu amikasin idan ba makawa, jentamaisin kuma tana nan a kemis ana tsira wa mutane ba tare da takardar likita ba. Duk wanda ke karɓar irinsu ya ji ƙara a kunne, ko jiri, ko magana ta fara dushe masa, ranar ya kamata likita ya sani.

Yaya ya koma zaure. Babban gardinsa ke sauraron karatu, shi kuma yana duba alluna, idonsa ya gaji aikin kunnensa, ko ɗigo ba ya wuce shi. Bara irin wannan tari ya kama ɗan maƙwabcinmu, aka roƙe ni in riƙa kai shi karɓar magani. Yaya ya sa aka kira yaron, ya ce ya buɗe tafin hannunsa. Ya ƙirga ƙwayoyin da yatsa, ya ce, "Ba allura?" Yaron ya girgiza kai. Yaya ya daɗe yana kallon hannun, ya yi hamdala. Da muka zo fita sai ya riƙo hannun rigata, da muryar nan tasa da yanzu ba ya iya auna ƙarfinta, ya ce, "In ya ce maka wani abu na damunsa, ka kashe babur ka saurare shi."