Saƙon da Ƙoda Ke Aika wa Ɓargo

A gidajenmu, da an ga yaro ya ɗashe, yana haki da ɗan aiki kaɗan, sai a ce jininsa ya yi ƙasa, a haɗa masa lemon malt da madara. Mu da ke karatun kimiyyar jiki a jami'a muna so ƙannenmu su san abin da ke faruwa a ciki, domin ba kowane ƙarancin jini ne ke da magani iri ɗaya ba.

Jajayen ƙwayoyin jini su ne 'yan dakon iskar oksijin. Kowace tana rayuwa kusan kwana 120, shi ya sa ɓargon ƙashi ke ƙera sababbi kusan miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Ƙoda ce ke ba shi umarni. Da ta ji oksijin ya ragu a jini, sai ta saki wani sinadari mai suna iritirofoyitin, EPO a taƙaice, ya bi jini har ɓargo ya ce a ƙara aiki. Idan oksijin ya wadata, sai ta rage shi.

Matsala kan shigo ta hanya uku. Idan ƙoda ta lalace, saƙon ba ya fita yadda ya kamata. Domin irin waɗannan marasa lafiya aka amince da allurar EPO a Amurka a 1989. Idan jiki ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe, saƙo ya isa amma babu kayan aiki, kamar a ce wa magini ya ɗora gini babu bulo. Wani lokacin kuma asarar ce ta fi ƙarfin ɓargo, kamar a zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, yawan jinin al'ada, ko sikila, inda ƙwayar ba ta wuce kwana 10 zuwa 20.

Saboda haka, ƙannenmu, idan kuna yawan jin jiri da kasala a aji, kada ku bari a kira ku ragwaye, kada kuma ku ruga kemis sayen maganin ƙarin jini. Ku faɗa wa iyayenku a je asibiti a auna jinin, a gano dalili. A gida kuma mu riƙa cin hanta, wake, zogale da alayyafo, mu ɗan jinkirta shan shayi bayan abinci, domin yana rage shigar ƙarfe cikin jiki.