Saurin faifai da faɗin ƙofa

Wata ɗalibar kimiyyar harshe ta yi wata biyu a karkarar Adar tana naɗar tatsuniyoyi da hirar tsofaffi. Ta dawo Yamai da gigabayit 200 na murya da bidiyo, duka a cikin tsohuwar kwamfutarta. Ba ta cika mako uku da dawowa ba aka aiko mata cewa tsohuwar da ta fi kowa ba ta labari ta rasu. Muryarta, da yadda take cewa *hwara* a inda Bakano zai ce *fara*, ba su rage ko'ina ba sai a kan faifan nan guda, wanda ya soma wata ƴar ƙara idan an kunna shi.

Tsoro ya sa ta fasa kuɗin tallafin karatunta, ta sayi faifan waje irin SSD, domin ta ji an ce ya fi kowane sauri. Ta jona, kwamfuta ta nuna kwafin zai ci fiye da awa ɗaya da rabi. Lokacin bazara ne, ana yawan ɗauke wuta, batirinta kuwa ba ya wuce minti 40. Sau biyu aikin yana yankewa a tsakiya.

Ta koma wurin mai gyara tana zaton an sayar mata da jabu. Ya juya kwamfutar, ya duba gefenta, ya ce: "Malama, faifanki lafiya lau yake. Ƙofar da kika bi ce ƙarama."

Ashe ta jona shi ne a baƙar kafa, wato USB 2.0, wadda aka fitar a shekarar 2000. A rubuce tana ɗaukar megabit 480 a sakan, a aikace kuwa da ƙyar take wuce megabayit 35. A ɗaya gefen akwai kafa mai shuɗin ciki, USB 3.0 ta shekarar 2008, mai gigabit 5 a sakan. Da ya mayar da wayar can, lokacin ya sauko zuwa minti 35.

Ta tambaye shi me ya hana ya fi haka sauri. Ya ce yanzu kuma faifan cikin kwamfutar ne ke jan ƙafa. Faranti ne mai juyawa sau 5400 a minti, da ɗan hannu mai bin samansa yana karatu, kuma abin da yake iya bayarwa bai fi megabayit 100 a sakan ba. SSD ba shi da abin da ke motsi. Idan an ɗora shi a kan SATA III yakan kai megabayit 550, irin NVMe kuma ya haura 3000, amma wannan yana buƙatar gurbin da kwamfutarta ba ta da shi. Bayani yana fitowa daga faifai, ya bi waya, ya shiga wani faifai, kuma mafi nawa a cikin ukun shi ke yanke saurin tafiyar.

A nan ta gane abin da ya fi yi mata ciwo. Da ta san haka, da faifan waje mai juyawa ya yi mata wannan kwafi a kusan lokaci ɗaya, kuma da kuɗin ya bar mata canji. Lambar da ke jikin kwali ta saya, ba ta tambayi hanyar da bayanin zai bi ba.

Kwafin ya ƙare kafin a ɗauke wuta. Daga baya mai gyaran ya ciro SSD ɗin daga gidansa ya sa shi cikin kwamfutar, bidiyon da ke sarƙewa a ELAN ya daina, Praat ya riƙa buɗe dogon sauti nan take. Ta kuma nemi faifai mai juyawa na hannu, ta zuba wani kwafi, ta kai wa yayarta ajiya a Tawa. A daren ranar ta sa abin saurare a kunne, ta ci gaba da rubuta tatsuniya ta 14 daga inda tsohuwar ta tsaya yin tari.