Ni Na Hana Jandarma Rubuta Takarda

Duk wanda ya san Baleyara ranar Lahadi ya san hanyar Yamai zuwa Filinge ba ta da masaka tsinke. Manyan motocin shanu, amalanken jakuna, 'yan kabu-kabu da masu kora awaki, kowa na neman wuri a kwalta guda. A irin wannan cunkoso ne wata motar kaya ta ja baya ta taka ƙanena a ƙafa, yana ɗauke da buhun gero.

Ni ne babba a gida, don haka ni aka kira. Na tarar direban zaune a ƙasa, hannu bisa kai. Mai motar ya zo da dattawa biyu, ɗayansu abokin marigayi babanmu. Dattijon ya ce mini, "Ɗana, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kada a kai maganar gaban hukuma, a kashe ta nan." Aka ƙirga mini jaka 150. Da jandarmomi suka iso za su auna wurin su yi konsta, wato rahoton haɗari, na tare su na ce mun sasanta, mun yafe. Ƙanena na kwance yana nishi, ban ko tambaye shi ba. Na yafe abin da ba nawa ba.

Muka kai shi wajen maɗori. Ƙashin ya haɗe a karkace, ƙafar ta riƙa ruwa, daga bisani sai babban asibitin Yamai, inda aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Kuɗin sulhun ko hoton ƙashi da magani ba su gama biya ba. Muka sayar da bijimi. Damina ta zo, gonarsa ta kwana ba noma.

Sai a lokacin na nemi lauya, a Yamai, don can kusan dukan lauyoyin ƙasar suke zaune. A bakin kotu wani ɗan kamasho mai jakar takardu ya tare ni, wai ya san alƙalai, in ba shi kuɗin mai kawai. Allah ya tsare ni. Wani malamin makaranta ya ce in je ofishin ƙungiyar lauyoyi in duba jerin sunayen masu rajista, duk wanda babu sunansa a ciki ba lauya ba ne. Ya kuma gaya mini akwai hukumar ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa don taimaka wa marasa hali a sha'anin shari'a.

Lauyar da na samu ba ta tambaye ni yadda abin ya faru ba tukuna. Ta ce, "Malam, ina takardar jandarma? Ina lambar motar? Wane kamfani ne asirans ɗinta?" Ba ni da ko ɗaya.

Ita ta fahimtar da ni abin da ya fi ci mini rai. Nijar na cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora ta CIMA, wadda aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Dole ne kowace mota ta kasance da inshorar da ke biyan wanda ta ji wa ciwo. Ke nan ba aljihun direban da na tausaya wa ba ne zai biya, kamfani ne. Rahoton jandarma ake aika wa kamfanin, shi kuma dokar ta ɗora masa wa'adin da zai gabatar da tayin diyya: kuɗin asibiti, kwanakin da mutum ya rasa aiki, da naƙasar da likita ya auna, ana lissafin wasu bisa mafi ƙarancin albashi na ƙasa. Ko mutum ya sa hannu a kan tayin kamfani, yana da kwana 15 na janyewa ta wasiƙa mai rajista. Duk wannan hanya daga takardar da na hana a rubuta take farawa.

Ban ga laifin dattawan nan ba. Sulhu alheri ne, kuma a wajenmu mutum ba ya son a ce ya kai maƙwabci kotu. Amma yin konsta ba ƙara ba ce. Ana iya yafe wa direba har ga Allah, a kuma bar kamfani ya biya abin da ya karɓi kuɗi dominsa.

Lauyar ta karɓi aikin, muka rubuta ladanta a takarda kafin ta fara. Ta sa na koma Baleyara neman waɗanda suka ga haɗarin, na tattara rasit na asibiti, har waɗanda suka yage a aljihu. Mai shayin bakin tasha ya tuna motar. Mai motar, da na je masa, ya ce shi a saninsa magana ta mutu tun ranar, amma ya ba ni lambar inshorar. Takardun suna hannun kamfani yanzu. Ƙanena yana tafiya da sanda, kuma duk takardar da ta zo, shi nake fara karanta wa kafin kowa ya sa hannu.