Wayar Da Ke Kwantar Da Karkarwa

Mutum ba ya sanin darajar hannunsa sai ran da ya ɗauki moɗa, ruwan ya zube kafin ya kai baki. Irin faman da masu ciwon Fakinson ke yi ke nan kullum. Wani likitan Ingila, Jems Fakinson, shi ya bayyana ciwon nan a 1817, shi ya sa aka sa masa sunansa. Asalinsa kuwa ƙarancin wani sinadari ne, dofamin, wanda ƙwaƙwalwa ke bukata don sarrafa motsi. In ya yi ƙaranci, sai jiki ya riƙa karkarwa, gaɓoɓi su sandare, tafiya ta yi nauyi.

Akwai ƙwayar magani, lebodofa, wadda ke taimako ƙwarai. Amma in shekaru suka yi nisa, sai aikinta ya riƙa yankewa: yanzu mutum na tafiya, an jima ya kafe wuri guda. A da, in karkarwa ta gagari magani, sai a ƙone wani ɗan wuri can cikin ƙwaƙwalwa. Abin da aka ƙone kuwa ba ya dawowa.

A 1987, a garin Girenobul na Faransa, wani likita mai suna Benabid ya shirya irin wannan aiki. Kafin ya ƙone, sai ya fara taɓa wurin da 'yar wutar lantarki, don ya tabbata bai yi kuskure ba. Majiyyacin kuwa idonsa biyu. Da likita ya ƙara saurin bugun wutar, ya kai wajen sau 100 a sakan guda, sai hannu ya tsaya cik. Da ya kashe, karkarwa ta dawo. Wani da ya ga haka, da sai ya ci gaba da ƙunarsa. Shi kuwa sai ya tsaya ya yi tunani: in wuta kaɗai ta isa, ina amfanin ƙuna?

Daga nan dabarar ta samu. Akan huda ƙoƙon kai, a zura siririyar waya har wurin da a ke so, a haɗa ta da wani ɗan batir da a ke binnewa ƙarƙashin fatar ƙirji. Likita na iya ƙara ƙarfinsa ko ya rage. A 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a riƙa yi wa waɗanda ciwonsu ya yi nisa.

Amma fa kada a ɗauka warkewa ce. Ciwon na nan yana ci gaba, magani ma ba a bari, sai dai a rage. Aikin na da haɗarin zubar jini, ga tsada, kuma ba kowa ya dace da shi ba. Duk da haka, tsohon da ya shekara biyar ana ba shi abinci a baki, yau ya kai lomarsa da hannunsa, shi ya san abin da aka mayar masa.