Hoton da ke bangon ɗakinmu

'Yan uwa masu karatu a kudu, kun san yadda ake yi. Semesta uku ke nan ina mastas, amma mai shagon ƙasan hostel har yau "aboki" take kirana. Ni mace fa! Ranar da sufabaiza ya dawo mini da babi na biyu karo na uku, duk jan biro, na shiga ɗaki na ce gobe sai tasha, Zariya zan koma.

Abokiyar ɗakina 'yar Katolika ce. A bangon gadonta akwai hoton wata baƙar mata cikin kayan sista. Da na ɗauka kakarta ce wallahi. Daren nan na tambaya, ta ce Josephine Bakhita ce, 'yar Darfur a Sudan.

Tana yarinya masu farautar bayi suka sace ta. Firgicin ya kai har ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Bakhita ɗin ma su suka laƙaba mata, wai "mai sa'a" da Larabci. Ku ji rainin hankali. An sayar da ita hannu zuwa hannu, a wani gida aka yi mata tsaga 114 a jiki, ana cusa gishiri a ciki. A 1885 ƙaramin jakadan Italiya da ya saye ta a Khartum ya tafi da ita ƙasarsu, ta zama mai raino. A Benis, wajen sistocin Kanosiya, ta karɓi addinin Kirista. Da uwar gijiyarta ta zo ɗaukarta, sai ta ce ba inda za ta. Baƙuwa, ba dangi, ba ko sisi. Aka je kotu a 1889, aka tabbatar mata da 'yancinta. Sauran rayuwarta girki da tsaron ƙofa ta yi a gidan sistoci, har ta rasu a 1947. Abin da ya fi tsaya mini a rai, ta yafe wa waɗanda suka sace ta. Ni ko mai shago na kasa yafewa.

Ni Musulma ce, ba abin da ya canja a nan. Amma na tashi na yi alwala, na yi sallar isha'in da na jinkirta, na buɗe kwamfuta. Da safe na sauka sayen burodi, ta ce "aboki", na ce mata ga sunana, ta maimaita. Sau biyu ta gwada kafin ta iya.