Rafin Hubbard, Inda Ake Awon Ruwa Tun 1963

Duk matafiyin da ya bar birnin Boston ya nufi arewa, bayan tafiyar kamar awa biyu a mota zai iske kansa a gindin waɗansu duwatsu da ake kira White Mountains, cikin Jihar New Hampshire ta ƙasar Amurka. Can a wani kwari mai duhun itatuwa akwai rafin da ake ce wa Hubbard Brook. Ba wani babba ba ne, ruwansa kuwa garai-garai, ga sanyi kamar na randa.

Ma'aikatar Gandun Daji ta Amurka ce ta keɓe wannan kwari a 1955 domin bincike. Dalili kuwa shi ne ƙarƙashin ƙasarsa fa ne wanda ruwa ba ya ratsawa, watau duk ruwan saman da ya sauka, in bai bi iska ba, tilas ya fito ta rafi. Saboda haka aka gina 'yan madatsai na siminti a kan ƙoramun da ke gangarowa daga tudu, kowace da na'ura mai rubuta yawan ruwan da ya wuce dare da rana.

A 1963 waɗansu masana huɗu, cikinsu har da Gene Likens da Herbert Bormann, suka fara ɗibar ruwan sama da na ƙoramun a kwalabe kowane mako, suna auna abin da ke ciki. Nan da nan suka ga abin mamaki. Ashe ruwan da ke sauka a wannan daji, inda babu masana'anta ko ɗaya, cike yake da asid. Da aka bi sawu, sai aka tarar hayaƙin kwal ne na tashoshin lantarki da ke nesa ƙwarai ta yamma, iska ke kwaso shi. Suka bayyana wa duniya a 1972. Aka yi ta ja-in-ja shekara da shekaru, amma da yake alƙaluma ba su da ɓangare, a 1990 Majalisar Amurka ta gyara dokar tsabtar iska, ta tilasta rage hayaƙin. Kwalaben nan dai su ne suka shaida cewa asid ɗin ya ragu ƙwarai.

Wani gwajin kuma, cikin hunturun 1965 zuwa 1966 aka sare itatuwan gefen wata ƙorama kakaf, aka hana tsiro fitowa har shekara uku. Sai ruwanta ya ƙaru, sinadarin naitiret da ke cikinsa ya haura abin da aka yarda ɗan Adam ya sha. Ashe daji shi ne rariyar rafi.

To, amma ɓarna ta fi gyara sauri. Asid ya riga ya wanke kalsiyam daga ƙasar, itatuwa suka raunana. A 1999 har da jirgi mai saukar ungulu aka barbaɗa wa wani sashe sinadarin, itatuwan wurin suka farfaɗo.

Har yanzu kowane mako, ko ana rana ko dusar ƙanƙara ta rufe hanya, wani ma'aikaci yakan hau tudun nan da kwalabe, ya durƙusa a bakin ƙorama, ya cika su, ya rubuta kwanan wata.